Jirage Goma da Lauje Ɗaya

Ranar da gwamnatin Holan ta rufe ƙasa saboda annoba, Geesje Bollen ta gama fentin jirginta na goma ke nan. Ƙananan jiragen ruwa ne masu aiki da batir, waɗanda take ba baƙi haya. Kowace shekara daga hutun Ista Jamusawa ke cika ƙauyen, su hau jiragen su yi ta karo da gaɓa suna ɗaukar hoton agwagi, kuma da cinikin wata shida ake cin abincin wata goma sha biyu. Bana ga Ista ta ƙarato, ko kare bai leƙo bakin ruwa ba.

Geesje ta san inda aka dosa. In rani ya wuce ba baƙo, jiragen sai sayarwa, don batir da inshora ba su san annoba ba. Mai jirage tamanin na ƙauyen gaba, mutumin da shekara ashirin bai taɓa ɗaga mata hannu ba, har ya aiko sau biyu yana tambayar lafiyarta, alhali ko tari ba ta yi.

Da minista ya fito a talabijin ya ce gwamnati ba za ta bar sana'ar kowa ta mutu ba, sai ta ji sanyi a ranta. Washegari ta zauna gaban kwamfuta ta cike takardar neman tallafi. Kafin kofin gahawar da ta zuba ya huce amsa ta fito: sana'arku ba ta cikin jerin waɗanda annoba ta shafa. Ta leƙa ta taga ta ga jirage goma a ɗaure suna lilo, ta dawo ta sake karantawa. Ta ɗauka ita ce ta danna wani abu ba daidai ba, ta sake cikewa, aka sake ba ta amsar nan harafi da harafi.

Sai da ta yi kwana biyu tana bugawa kafin a ɗauki waya a ofishin tallafin. Wata mata ce mai sanyin murya, da alama daga gidanta take aiki, don ana jin kare yana haushi a bayanta.

"Me kuke sayarwa?" in ji matar.

"Ba ma sayarwa. Hayar jiragen ruwa muke bayarwa."

"A nan na ga yankan ciyawar jinka."

"Wannan ai Babana ne. Shi ya yi wa gidan rajista tun ina ƙarama."

"To ke wace ce a ciki?"

"Duba sunan. W. Bollen da 'Yarsa. Ni ce 'yar."

"Masu yankan ciyawa ba sa cikin jerin, don su annoba ba ta hana su aiki ba. Masu jiragen haya suna ciki."

"To ai mu ke nan."

"Ku ne, amma ba ku ba ne. Mu da lambar da ke cikin rajista muke aiki."

"Bari in je in canza lambar."

"Kina iya canzawa. Sai dai duk canjin da aka yi bayan tsakiyar Maris ba ya shiga lissafinmu."

Geesje ta dafe goshi. "'Yar'uwa, don Allah ki faɗa mini abu guda da zan yi wanda ke shiga lissafi."

Matar ta tsawata wa karen, sannan ta ce akwai hanya, ko da yake jiya da yamma aka fito da ita kuma ba ta da tabbacin za ta kai Juma'a. Mai sana'ar da sunansa ke kan rajista zai rubuto da hannunsa ya bayyana ainihin abin da gidan ke yi. Ta jaddada cewa mai sunan ne zai sa hannu, ban da 'yarsa.

Mai sunan kuwa shi ne Wicher Bollen, ɗan shekara saba'in da tara, wanda ke zaune a ɗakin gaba mai kallon fadama. Tun rasuwar matarsa Geesje ta dawo gidan. Jiragen dabararta ce, shi bai taɓa son su ba, yana ce musu kwanukan wankan Jamusawa. A wurinsa gidan Bollen gidan masu yankan ciyawa ne, kamar ubansa da kakansa. Gaskiya kuma har yanzu yana yanka. Kowane Janairu, da zarar ƙanƙara ta kama fadama, zai wasa laujensa ya shiga, ya fito da dami ɗari uku ko ƙasa da haka, ya sayar wa wani mai baibayar rufi da suka tsufa tare. Kuɗin ba su kai na man ɗumama ɗaki ba. Amma a cikin watanni goma sha biyu, wannan watan ne kaɗai ake jin Wicher yana fito.

Ɗakin nasa yana da babbar taga da labule fari da marigayiya ta rataya shekara arba'in da suka wuce, ba a kuma taɓa ja ba. A ƙauyen ba a jan labule. Wanda ya ja, to yana da abin da yake ɓoyewa, kuma Wicher yakan ce duk mai son ganin abin da yake ci ya tsaya ya gani.

Ta wannan tagar Lammert, ƙanen Geesje, ke ziyartar mahaifinsu tun da aka hana shiga wurin tsofaffi. Zai jingine keke, ya tsaya a waje ya yi ta ɗaga murya ta gilashi. Lammert kansila ne, ɗan jam'iyyar da ke cewa gwamnati ta cire hannunta daga kasuwa. Shekara da shekaru, a kowane bikin ranar haihuwa, da an zauna an yi da'ira ana cin kek, sai ya fara wa'azinsa: sana'ar da ba za ta tsaya da ƙafarta ba a bar ta ta faɗi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Har surukai sun haddace.

Ran nan ya iso da takardu a hannu yana haki.

"Yaya, kin nema kuwa? Ki nema maza. Kuɗinki ne, haƙƙinki ne."

Wicher ya matso da kujerarsa kusa da gilashi. "Wa ke magana a waje?"

"Ni ne, Baba."

"Na ga fuskar Lammert. Bakin ne ban gane ba. Ina kuturun naka?"

"Baba, wannan daban ne. Gwamnati ce ta rufe, dole ita ta biya."

"Lokacin da ciyawa mai araha ta shigo daga ƙasashen waje ta kashe mu, me ka ce mini a teburin nan?"

"Wannan kasuwa ce."

"Wannan kuma fa?"

"Ciwo."

"Af. Ashe in kasuwa ta kashe ka ka mutu daidai, in ciwo ne a tashe ka. Da na sani da tari na yi a lokacin."

Lammert ya ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, Wicher ya ce shi bai taɓa rawa ba. Geesje na tsaye a tsakani da butar kofi, ta rasa wanda ya fi gaskiya a cikinsu. Abin haushin ma, ji take kowannensu yana da ita.

Da yamma a talabijin aka nuna majalisa tana muhawara kan ko a ceci wani babban kamfanin jiragen sama. Waɗanda suka saba cewa a bar kasuwa ta yi halinta su ne ke roƙon a ba shi biliyoyi yau-yau. Waɗanda suka saba cewa gwamnati ta taimaki kowa su ne ke cewa a dakata tukuna. Wicher ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Geesje, kujeru suka sauya ne?"

"A'a, Baba. Kowa yana inda yake."

"To ni wa na zaɓa bara?"

Ita ma tambayar da ke kanta ke nan.

Ƙarfe goma na safe lokacin kofi ne a gidan, da biskit ɗaya ɗaya, a rufe gwangwani. A nan ta kawo masa maganar. Ta yi zaton rigima, sai ta ga ya saurara tsaf. Ya ce ba ya son kuɗin gwamnati, amma jiragen nata ne, kuma shi ba zai tsaya ya ga mai jirgi tamanin ya zama mai casa'in ba. Sharaɗinsa ɗaya, a rubuta gaskiya. Ya ɗauko alƙalami ya rubuta da kansa cewa gidan Bollen yana yankan ciyawar jinka da sanyi, yana ba da hayar jirage da rani, jiragen ne ke ciyar da gidan, ciyawar kuma ita ce asalinsa. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata, bakwai ga Afrilu. Geesje ta ɗauki hoton takardar ta tura.

Bayan kwana tara saƙo ya shigo, irin wanda ba sunan kowa a ƙasansa. Wai bayanan da ke hannunsu ba su nuna sana'ar tana cikin jerin ba. Ba a ambaci wasiƙar ba. Geesje ta rasa ko an karanta an ƙi ne, ko ba a karanta ba, ko kuwa amsar tsohuwar takarda ce ta biyo hanya a makare. Ta buga waya, aka ce masu jira sun wuce ɗari. Da ta samu shiga, wani namiji ne ya ɗauka, ya ce shi shekaranjiya aka ɗauko shi daga wani sashe, bai san da wata hanyar wasiƙa ba, amma zai rubuta cewa ta kira.

A makon ne mai jirage tamanin ya zo da kansa. Ya tsaya daga nesa kamar yadda doka ta ce, ya yaba fentin, ya ce kore yana da kyau amma nasa duk shuɗi ne, ba wuya a sake.

Lammert ya karanta wasiƙar mahaifinsu a wayar Geesje, a tsaye bakin ruwa, ya girgiza kai.

"Ga matsalar nan. Kun ce kuna wannan kuna wancan. Gwamnati ba ta jin magana biyu, Yaya. Akwati ɗaya gare ta a takarda, abu ɗaya za ki saka."

"To gaskiyar ce biyu."

"Dami ɗari uku sana'a ce? Motsa jiki ne. Ki rubuta an daina, shi ke nan."

"Ka san Baba."

"Na san gwamnati. Ni ne kansila ko ke?"

Ta so ta tuna masa cewa kansilan da ya yi shekara takwas yana faɗan wurin ajiye keke ne, amma ta gaji. Tsoro kuma ya riga ya shige ta. Shekara goma sha huɗu ta yi tana tara jiragen nan ɗaya bayan ɗaya, ta san kowanne da halinsa, har wanda ke ja hagu. Ta zauna ta buga sabuwar wasiƙa gajeriya: gidan W. Bollen da 'Yarsa ya daina yankan ciyawar jinka, ba ya yi, sana'arsa hayar jiragen ruwa ce kaɗai.

Ta ajiye masa a gefen kofinsa. Wicher ya karanta, ya sake karantawa yana bi da yatsa. Biskit ɗinsa na nan bai taɓa ba.

"Wannan suke so?"

"Haka Lammert ya ce."

"Ban tambayi Lammert ba. Ke nake tambaya. In ban sa hannu ba jiragen za su tafi?"

"Ban sani ba, Baba. Ban san komai ba yanzu. Ina jin za su tafi."

"Ya daina," ya karanta a fili. Ya dubi fadama ta taga. A lokacin an riga an yanke ta tun sanyi, sabon tsiro ya fara leƙowa kore shar.

"Takarda ce kawai," in ji Geesje. "Ba wanda zai zo daga birni ya duba."

Ya dube ta kamar bai ji da kyau ba. Sannan ya sa hannu, ya rubuta ashirin ga Afrilu, ya tura mata takardar, ya ci biskit ɗinsa. Ta ji daɗin yadda abin ya zo da sauƙi, har ta yi mamaki. Da ta san mahaifinta kamar yadda take zato, da sauƙin nan ne ya tayar mata da hankali.

A tsakiyar Mayu tallafin ya fito. Geesje ta yi kuka a bakin ruwa, kukan da ta riƙe tun Maris. Lammert ya zo yana ta cewa ai ya gaya mata, ai ya gaya mata. Sai da dare ya yi kusa ta nutsu ta karanta takardar amincewar daga sama har ƙasa. A layi na biyu aka rubuta cewa an amince ne bisa bayanin da mai sana'ar ya aiko ranar bakwai ga Afrilu.

Ta lissafa da yatsu, ta duba wayarta. Bakwai ga wata ita ce wasiƙar farko, mai magana biyu. Washegari ta buga waya, ta yi sa'a matar nan mai kare ce ta ɗauka. Matar ta ce eh, wasiƙar farko ta wadatar, ai ta fito da komai sarai, har a ofis an yaba rubutun hannun. Saƙon ƙin da ya zo a tsakani na'ura ce ta tura wa kowa. Ta biyun kuwa tana nan a fayil, ba ta jin an buɗe ta.

Geesje ba ta san ko dariya za ta yi ko me ba. Ta faɗa wa mahaifinta da kofin ƙarfe goma, tana mai da abin raha. Ya ce madalla, ya tambaya ko Jamusawa za su dawo a Yuli. Daga nan ba a sake tayar da maganar ba. Rani ya zo da baƙi rabi da rabi, aka sake rufewa, aka sake fito da wani tallafin da wasu sababbin sharuɗɗa da ba wanda ya gane, mai jirage tamanin ya daina tambayar lafiyarta. Jirage goma suka kai sanyi, ta ja su tudu ta lulluɓe.

Janairu ya kama, ƙanƙara ta sauka a mako na biyu. Geesje ta tashi da safe ta ji gidan shiru. Sai da ta gama wanke fuska ta gane abin da ya ɓace: ba ƙarar dutsen washi, ba fito. Ta shiga ɗakin gaba ta tarar da shi zaune cikin rigar zaman gida, fadama a gabansa ta yi ruwan zinariya, ciyawa ta kai kan mutum, tsaye cak tana jiran yanka.

"Baba, ƙafar ce?"

"Ƙafata lafiya lau."

"Ƙanƙara ta kama tun shekaranjiya."

"Na gani."

"To?"

"An daina, Geesje."

Ta zauna a hannun kujera. "Haba Baba. Na gaya maka tun Mayu, ba su ma buɗe ta ba. Ta farkon suka bi. Ba wanda ya karanta."

"Ni na karanta. Sau biyu."

"Ai ni na rubuta, kuma kuskure ne. Lammert ne ya..."

"Lammert bai riƙe mini hannu ba. Sunana ne a ƙasa. Shekara saba'in da tara ban sa hannu a kan ƙarya ba. Ranar da na sa, ba gaskiya ba ce, to sai in mayar da ita gaskiya. Ban ga wata hanyar ba."

"Sai mu rubuta ta uku, mu ce an dawo."

"Mu ce mun daina da muna son kuɗi, mun dawo da muka samu? Magana zarar bunu ce. Ni na fi kowa sanin bunu."

Kan Geesje ya ɗaure. Ta bi abin daga farko tana neman inda aka yi laifin. Gwamnati ta biya, matar waya ta faɗi gaskiya, Lammert taimako ya yi nufi, ita kuma jiragenta ta ceta, ga su can a lulluɓe, goma cif. Kowa ya yi abin da ya ga daidai, ga shi kuma mahaifinta na zaune da rigar gida a watan Janairu. Ta san abin da ya sani, cewa fadamar da aka bari ba yanka shekara biyu ko uku ƙaya da ƙananan itatuwa ke cinye ta, ba ta sake zama ta jinka.

Ta tashi ta fita rumfa. Laujen na rataye inda yake, an shafe shi da mai an naɗe bakinsa da tsumma, irin ajiyar da ba a yi wa abin da za a ɗauka gobe. Ta sauke shi, ta sa takalman roba, ta zagayo ta gaban tagar don ya gan ta. Rabonta da yanka tun tana budurwa, amma hannu ba ya mantuwa.

Ya ƙwanƙwasa gilashi da yatsa. Ta tsaya a daidai inda Lammert ke tsayawa.

"Mayar da shi," ya ce, muryarsa na fitowa ƙasa ƙasa ta gilashin.

"Ni ban sa hannu ba, Baba."

"Takardar ba ta ce Wicher ya daina ba. Cewa ta yi gidan. W. Bollen da 'Yarsa. Ke kika buga."

Ta tsaya da lauje a hannu, sanyi na cin kunnenta, ba ta yi gaba ba, ba ta koma ba. Shi ma ya daɗe yana kallonta, ita da fadamar da ke bayanta. Can ya dafa kujera ya miƙe, ya kama farin labulen nan. Ƙarfen da aka rataye shi a kai ya yi tsatsa, sai da ya ja sau uku kafin ya taho, ya rufe tagar ruf da ƙarfe tara na safe.